Ɗaya ga Oktoba a Gindin Dutsen Kwatarkwashi

Duk shekara idan ɗaya ga Oktoba ta zagayo, akan rufe ofisoshi da makarantu, shugaban ƙasa ya yi jawabi tun da sassafe, a kaɗa badujala a yi maci a manyan birane. A Jihar Zamfara ranar tana ɗauke da kaya biyu, domin a cikinta Nijeriya ta sami 'yancin kai a 1960, a cikinta kuma gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Zamfara daga Jihar Sakkwato a 1996. Amma wanda ya bar Gusau ya shiga ƙauyukan Bungudu a wannan rana, ba biki zai tarar ba. Kaka ta yi, an yanke gero, ana cirar gyaɗa, dawa tana kan nuna, kowa yana gona. Akan ɗauki wannan halin ko-in-kula a matsayin jahilci ko ƙarancin kishin ƙasa. A ganina ba ko ɗaya ba ne. Abin da aka sauke a Legas a daren 'yanci tuta ce, talakan Bungudu kuwa ba ta wajen tuta ya san mulkin mallaka ba. Ya san shi ta wajen takardar haraji, da sikelin awon auduga, da sandan ɗan doka, waɗannan kuwa babu wanda ya sauke su a 1960.

Abin mamaki shi ne, ƙasar Bungudu ta fi filin sukuwa na Legas haƙƙi a kan wannan rana, saboda a kanta aka zubar da jini lokacin da ake karɓe ƙasar. Ranar 1 ga Janairu 1900 Gwamna Lugga ya tsaya a Lakwaja ya shelanta cewa Arewa ta shiga ƙarƙashin Ingila, alhali mafi yawan ƙasar da yake magana a kanta ba ta taɓa ganin sojansa ba. Sai da ya shekara uku yana cin garuruwa ɗaya bayan ɗaya kafin shelar ta zama gaskiya. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, a lokacin Sarkin Kano Alu yana Sakkwato da manyan mayaƙansa. Labari ya iske su a hanyar komawa, a cikin ƙasar Zamfara. Sarki ya sulale da dare ya yi arewa, daga baya aka kama shi, ya ƙare rayuwarsa a tsare a Lakwaja. Runduna ta rabu biyu. Wambai Abbas ya ja wasu suka nufi Kano don yin mubaya'a, shi ne Turawa suka naɗa sarki. Waziri Ahmadu ya ja sauran, ya ƙudurta cewa ba zai shiga Kano a matsayin wanda aka ci ba.

A ƙarshen watan Fabrairu suka yi karo da wani ɗan ayarin sojan Turawa a kusa da Kwatarkwashi, garin nan na gindin dutse da ke hanyar Gusau zuwa Tsafe, wanda a yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Bungudu. Rahoton Turawa ya ce Laftanar Wallace Wright yana da hafsa guda da soja 44, Kanawa kuwa dawaki 1,000 da dakaru 2,000, kuma an kwashe awa biyu ana gwabzawa. Ko da an yi ƙari a lissafin, kamar yadda mai nasara ya saba yi, yadda faɗan ya gudana ba ya da wuyar fahimta. Sojojin suka yi sahu mai kusurwa huɗu, barade suka riƙa kawo hari da mashi da takobi, harsashi yana kayar da su tun kafin su iso. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma ran nan karin maganar bai yi aiki ba. Waziri Ahmadu ya faɗi a wurin, shi ya sa har yau Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Wright ya sami Victoria Cross, lambar jarumta mafi girma a sojan Ingila, sunansa yana rubuce a kundinsu. Waɗanda suka mutu a ɗaya ɓangaren kuwa, rahoton da adadi ya ambace su, ba da suna ba.

Akwai abin da ba a cika son faɗa ba game da wannan faɗa. In ka cire Turawa biyu, sauran masu riƙe da bindigogin nan baƙar fata ne, da yawansu Hausa suke ji. Tun daga ranar farko ke nan, hannun da talaka zai riƙa gani hannun ɗan uwansa ne.

Bayan mako biyu da 'yan kwanaki, ranar 15 ga Maris 1903, Sakkwato ta faɗi a filin Giginya. Sarkin Musulmi Attahiru ɗan Ahmadu ya zaɓi hijira, ya biyo ta Gusau ya nufi gabas da niyyar kaiwa Makka. Abin da ya tayar wa Turawa hankali ba mayaƙansa ba ne, talakawa ne da suka riƙa barin gidaje da gonaki, ga damina ta gabato, suna bin sa da mata da yara. An ci gaba da bin sawunsa har aka kashe shi a Burmi ranar 27 ga Yuli tare da ɗaruruwan mutane. Waziri Buhari shi kuma ya zaɓi zama. Ya nemi fatawar malamai, aka yarda cewa za a iya sallamawa a zahiri muddin ba a hana salla da azumi ba, don kada a bar jama'a ba jagora. Ba na cikin masu zagin wannan shawara, domin wanda bai ga bindiga mai ruwa ba ba ya da bakin yi wa wanda ya gan ta gori. Sai dai a kanta aka gina duk abin da ya biyo baya. Ranar 21 ga Maris aka naɗa sabon Sarkin Musulmi, Lugga ya yi jawabi ba tare da ɓoye-ɓoye ba: abin da Fulani suka samu da yaƙi sun rasa shi da yaƙi, saboda haka ikon naɗi da tuɓewa, da ikon ƙasa da ma'adinai, da ikon ɗora haraji, duk sun koma hannun Gwamna. Da mutanen Satiru suka tayar da ƙayar baya a 1906 har suka kashe Turawa uku, sojan gwamnati ne suka shafe garin, sarauta kuwa tana bayan gwamnati.

Daga nan mulki ya sauko ƙauye ta hanyar da aka kira En'e. Razdan yana Sakkwato, Di'o yana Gusau, yakan fito rangadi jefi-jefi. Mutum yana iya shekara bai ga Bature ba. Wanda yake gani shi ne mai unguwa, da dagaci, da malamin haraji, da hakimi, wanda yanzu yake karɓar albashi daga baitulmali kuma ake auna ƙwazonsa da yadda ya cika kuɗin gundumarsa. Garuruwan wannan yanki kowane da tarihinsa: Gusau ta Malam Sambo ɗan Ashafa, Bungudu ta Sarkin Fulani, Tsafe ta 'Yandoto, Kwatarkwashi da tsohuwar sarautarta da ta girmi jihadi. A takardar Bature duk sun zama abu ɗaya, gundumomin Lardin Sakkwato, kowace da adadin mazajen da za su biya da shanun da za a ƙidaya don jangali.

Haraji ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa, an san kuɗin ƙasa da zakka tun kafin Turawa. Sabon abin shi ne da me za a biya. Aka kashe wuri, aka ce sai da sule da kwabo. Manomin da rumbunsa ke cike da gero ya wayi gari matalauci, domin gero ba ya rufe bakin malamin haraji. Dole ya shuka abin da kanti ke saya, wato auduga da gyaɗa. Nan ne dabarar take, ba a buƙatar a tsaya a kan manomi da bulala ya yi noman auduga, takardar haraji ta isa. Ƙungiyar masu masaƙun Ingila da aka kafa a Mancesta a 1902 don bunƙasa noman auduga ta gina gidajen gurza a Funtuwa da Gusau. Layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya tsaya a Ƙauran Namoda a 1929. Wanda ya dubi taswira zai ga ba don a haɗa Zamfara da Sakkwato ko Katsina aka shimfiɗa shi ba, don a haɗa gona da jirgin ruwa ne. Da shi Gusau ta tashi daga gari mai ganuwa ta zama birnin kantuna da Kwara da Yarbawa da Ibo. Da farashi ya karye a duniya a shekarun 1930, kuɗin auduga ya faɗi warwas, haraji kuwa bai faɗi daidai da shi ba, matasa suka riƙa tafiya cin rani. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, daga 1942 zuwa 1944, aka zo da abin da tsofaffi ke kira ɗiban gwamna, aka riƙa kwasar samari daga larduna, har da na Sakkwato, ana kai su haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa da cuta suka kashe da yawa. Wanda ke zuwa ƙofar gida ya ce ɗanka ne zai tafi, dagaci ne.

Adalci ya sa a faɗi ɗaya gefen. Zamfara ta ƙarni na 19 ba aljanna ba ce. Hare-haren Katsinawan Maraɗi da Gobirawan Tsibiri sun sa mutane kwana a bayan ganuwa da kan duwatsu. Mulkin Turawa ya kashe wannan wuta, ya rufe kasuwannin bayi, ya ce duk yaron da aka haifa daga Afrilun 1901 ɗa ne, ko da yake sai 1936 aka soke bautar gaba ɗaya, saboda ba a son ɓata wa masu bayi rai. Mutane suka sauko daga tudu suka yi tunga a fili. Ga jikan bawa, wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk tarihin da ya tsallake shi ya yi ƙarya.

Wannan ya kawo mu ga kalmomin kansu. Bahaushe bai rasa hikima ba da ya kira tsarin mulkin mallaka, domin mallaka kalmar dukiya ce, ita ake faɗa a kan gona da doki da bawa. Kishiyarta ita ce 'yanci, halin ɗa, wanda ba a saya ba a sayarwa. To amma a shekarun 1950 kalmomi biyu ne suke yawo, mulkin kai da 'yancin kai, kuma ba ma'anarsu ɗaya ba. Ƙaddara ta sa mutanen da suka tsaya wa ma'anonin biyu kowanensu ya yi zama a maƙwabtan Bungudu.

A gabas, Gusau. A 1938, bayan an naɗa Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, aka ba abokin takararsa Ahmadu Bello sarautar Sardauna, aka tura shi Gusau ya kula da gundumomin gabashin Sakkwato. A nan ya koyi mulki da hannunsa, a nan kuma ya ɗanɗani ɗacinsa. A 1943 aka tuhume shi da cin kuɗin jangali, kotun En'e ta yanke masa ɗauri, sai da ya ɗaukaka ƙara zuwa babbar kotu a Zariya aka wanke shi. Jikan Shehu ne, amma bai tsira daga En'e ba sai da taimakon wata kotu da ke wajenta. Duk da haka darasin da ya ɗauka shi ne, injin yana da kyau, direba za a sake. A yamma kuma, Maru. Can aka tura Malam Aminu Kano koyarwa a kwalejin horon malamai a 1949, don a nisanta shi da siyasar Bauci. Daga Maru ya ajiye aiki a ƙarshen 1950 ya rungumi NEPU, jam'iyyar da aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta na shekarar, mai kirarin sawaba. Shi a wurinsa injin ne matsalar. In Bature ya tafi ya bar talaka a hannun hakimi da alƙali da ɗan doka yadda ya same su, to an sauya wa tuwo suna ne kawai. Bungudu tana kan hanya tsakanin Gusau da Maru, motar kowanensu ta sha ratsa ta.

Ra'ayin Gusau ne ya yi nasara, kuma yana da hujjarsa. Da Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956 a majalisar Legas, a watan Maris 1953, Sardauna ya nemi a cire shekarar a ce sai lokacin da ya dace. Aka yi wa wakilan Arewa ature, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu. An kira su 'yan koren Turawa, amma tsoronsu na gaske ne: shekara hamsin na mulkin mallaka sun bar Arewa da 'yan tsirarun masu ilmin boko, saboda Turawa sun buɗe makarantu daidai yawan malaman da En'e ke buƙata. In aka yi gaggawa, ofisoshin da Bature ya bari wasu ne za su zauna a ciki. Saboda haka Gabas da Yamma suka karɓi mulkin kai a 1957, Arewa ta jira. Ranar da ta zaɓa tana magana da kanta: 15 ga Maris 1959, shekara 56 cif da faɗuwar Sakkwato. A wajen Sardauna, abin da aka karɓe a Giginya ne ake mayarwa ga magadansa. In da Bazamfare zai zaɓi ranar da ta fi kusa da tarihinsa, da wannan ce, ba ɗaya ga Oktoba ba, amma yau ɗalibai ƙalilan ne suka san da ita.

Sauran labarin sananne ne. Aka yi zaɓen tarayya a Disambar 1959, wanda matan Arewa ba su jefa ƙuri'a a cikinsa ba, sai a rabin na biyu na shekarun 1970 aka ba su dama. Da tsakar daren da ya wayi 1 ga Oktoba 1960 aka sauke tutar Ingila a filin sukuwa na Legas, aka ɗaga kore da fari da kore. Gimbiya Alexandra ta miƙa takardun mulki ga Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a madadin Sarauniya. A gundumomin Sakkwato kuwa, an gama ƙidayar jangali ta damina, ana shirin harajin kaka, kuma ɗan NEPU da ya yi lacca ba izini gaban alƙalin En'e zai gurfana, kamar yadda ya gurfana bara.

Ba ina cewa ba a sami kome ba. Gwamnatin Sardauna ta yi yaƙi da jahilci, ta kafa jami'a a Zariya a 1962, aka gina masaƙa a Gusau, audugar Zamfara ta fara zama yadi a gida. Sai dai da kuɗin wa? Hukumomin ciniki da Turawa suka kafa bayan yaƙi, waɗanda ke sayen gyaɗa da auduga ƙasa da farashin duniya su ajiye rarar, ba a rushe su ba, an gaje su ne, suka ci gaba har 1986. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi. Dokar 1910 da ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna ta sake riga a 1962, ta kuma sake a 1978, har yau gwamna ke riƙe da ƙasa. Ikon ma'adinai da Lugga ya ambata a Sakkwato ya koma hannun gwamnatin tarayya, shi ya sa zinariyar Zamfara ta zama ta kowa ban da mai gonar da take ƙarƙashinta. Abin da ƙauyukan Anka da Bukkuyum suka samu daga gare ta a 2010 shi ne gubar dalma da ta kashe yara fiye da 400. En'e kanta ba 'yan siyasa ne suka rushe ta ba, soja ne. A zamanin Janar Yakubu Gowon aka karɓe mata kotuna da 'yan doka da gidajen yari, a 1976 aka maye gurbinta da ƙananan hukumomi. Haraji da jangali kuwa sai 1979 aka sami gwamnonin da suka soke su a Kano da Kaduna, almajiran Malam Aminu, shekara 19 bayan saukar da tuta.

Kuskuren da aka yi wajen rushe En'e shi ne, an cire abin da ke danne talaka tare da abin da ke tsare shi. Dagacin da ke ɗiban samari shi ne kuma ya san kowane baƙo da ya kwana a garinsa, ya san iyakar gona da burtali, yana raba manomi da makiyayi tun rigima tana ƙarama. Aka raba shi da iko, ba a sa kome mai ƙarfi a gurbinsa ba. Ɗan sanda yana karɓar umarni daga Abuja, ofishin ƙaramar hukuma yana cika ran albashi. Gwamnatin mallaka tana zuwa ƙauye ne don ta karɓa. Wadda ta gaje ta, da kuɗin man fetur ya wadace ta, sai ta daina karɓa, ta kuma daina zuwa.

Shi ya sa a yau za ka ji dattijo a Bungudu yana cewa zamanin Turawa ya fi, a lokacin mace takan ɗauki ƙwaryar nono ta ratsa daji ita kaɗai. Ba ya ƙarya game da dajin. Amma ya kamata mai karatu ya saurare shi da kunne biyu. Ba ɗiban gwamna yake bege ba, ba kuma bulalar ɗan doka ba. Tuhuma ce yake yi wa waɗanda suka karɓi tuta, da kalmomin da yake da su.

Tuhumar tana da shaida. Ranar 1 ga Oktoba 2021 Nijeriya ta cika shekara 61, Zamfara ta cika 25. A ranar, ƙauyukan jihar ba su da layin waya, an katse shi tun farkon Satumba don yaƙi da 'yan bindiga, kasuwannin mako a rufe suke. Sarkin Bungudu, Alhaji Hassan Attahiru, yana hannun masu garkuwa da mutane, waɗanda suka tare shi a hanyar Kaduna zuwa Abuja a tsakiyar Satumba, bai kuɓuta ba sai da ya shafe kimanin wata guda. Shekara ta gaba Sarkin Kwatarkwashi Alhaji Ahmad Umar ya rasu bayan shekara 61 a kan gado. An naɗa shi a 1961, 'yancin kai yana da 'yan watanni, ya kuma rayu har ya ga lokacin da ƙauyuka da dama a Zamfara suke tara kuɗi gida-gida, wani lokaci ta hannun mai unguwa, su kai daji kafin a bar su su shiga gonakinsu. Mutane ba su ƙirƙiro wa kuɗin nan sabon suna ba, haraji suke ce masa. Akan nemi kashi ɗaya da saukar ruwan fari kafin shuka, na biyu kuma idan amfani ya nuna, wajejen farkon Oktoba.